Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima: Kada Shafin Intanet Ya Fi Fuskar Waya Faɗi

Duk ɗalibin da ya taɓa neman jadawalin jarrabawa ko jerin sunayen waɗanda aka ɗauka makaranta ta wayar hannu ya san wani irin shafin intanet mai ba da wahala. Shafin yakan buɗe lafiya, amma rabin rubutunsa kaɗai ke bayyana, sauran rabin kuwa ya ɓuya a gefen dama kamar an saki labule a kansa. Sai mai karatu ya sa yatsa ya ja shafin hagu domin ya ga ƙarshen saɗara, sa'an nan ya turo shi dama domin ya kama farkon saɗara ta biyu, ya yi ta kai da kawowa har ya gaji ya rufe shafin bai gama ba. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin halin na'ura. Wasu ma sukan ɗora wa kansu laifi, su ce wayarsu ce ƙarama, ko su ne ba su iya ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne laifin na wanda ya tsara shafin ne, kuma laifi ne da bai kamata makaranta ko jami'a ko wata hukuma ta ilimi ta yarda da shi ba. Hujjar farko tana cikin darasin ilimin halittu da ake koyarwa a sakandare, wato darasin ido. Wanda ya fahimci yadda ido yake karatu zai gane cewa jan shafi sama da ƙasa daban, jan shafi gefe da gefe daban, ko da yake yatsa ɗaya ne ke yin su.

Yadda ido yake karatu

A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda ake kira ratina. Wannan tantani yana ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, waɗanda ke aiki a cikin duhu-duhu, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, waɗanda ke tantance launi da ƙananan siffofi. Masu siffar mazurarin sun fi cunkushewa a wani ɗan gurbi da ke tsakiyar tantanin, wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Wannan gurbi shi ne cibiyar gani, kuma da shi kaɗai ake iya bambanta harafin "ɗ" da harafin "d". Abin da yake kamawa sarai a kallo ɗaya bai fi digiri 2 na fagen gani ba, wato kwatankwacin faɗin farcen babban yatsa idan mutum ya miƙe hannunsa gabansa. Duk abin da ke wajen wannan ɗan fili ido yana ganinsa ne dishi-dishi.

Tun da yake cibiyar ganin ƙarama ce, dole ido ya riƙa juyawa yana kai ta kan kalma bayan kalma. Tsokoki shida ne ke juya kowace ƙwayar ido, biyu daga cikinsu kuwa, ta wajen hanci da ta wajen kunne, su ne ke kai ido dama da hagu. Mai karatu yakan ji kamar idonsa sulalewa yake yi a kan saɗara kamar ruwa a kwata, amma ba haka abin yake ba. A wajajen 1878 da 1879 wani likitan ido Bafaranshe mai suna Louis Émile Javal ya bayyana cewa ido tsalle-tsalle yake yi, ya tsaya, ya zabura, ya sake tsayawa. Binciken da aka yi bayansa da na'urorin bin motsin ido ya nuna cewa kowace tsayawa takan ɗauki kimanin rubu'in sakan, kowane tsalle kuma yakan ƙetare haruffa 7 zuwa 9 a rubutun boko. A lokacin tsayawar ne ake karatu. A lokacin tsallen, ƙwaƙwalwa takan rage karɓar hoto domin kada duniya ta riƙa dusashewa a idon mutum. Ɗalibi yana iya gwada wannan da madubi: ya dubi idonsa na dama, sa'an nan ya dubi na hagu. Ba zai taɓa ganin idanunsa suna motsi ba, alhali wanda ke tsaye kusa da shi yana ganin motsin ƙarara.

A 1975 da 1976 wasu masana biyu a Amurka, George McConkie da Keith Rayner, suka auna iyakar abin da mai karatun Ingilishi ke amfana da shi a tsayawa guda. Suka tarar haruffa 3 zuwa 4 ne a hagun inda ido ya tsaya, da haruffa 14 zuwa 15 a damansa. Ma'ana, tun ido bai kai kan kalma ta gaba ba ƙwaƙwalwa ta riga ta leƙa tsawonta da haruffanta na farko, kuma da wannan leƙe take auna inda tsalle na gaba zai sauka. Da aka gwada masu karatun Ibrananci a 1981, sai aka ga filin nasu ya karkata hagu, domin rubutunsu daga dama yake farawa. Haka abin yake ga mai karatun Larabci, wanda alkiblarsa ɗaya da ta ajami. To, idan gefen fuskar waya ya datse saɗara a tsakiya, wannan leƙe ya yanke ke nan, ido ya iso bakin rami bai san inda zai taka ba.

Dawowa farkon saɗara

Tsalle mafi wuya a karatu shi ne wanda ido ke yi daga ƙarshen saɗara zuwa farkon wadda ke ƙasanta. Tsalle ne mai nisa, kuma sau da yawa ido yakan sauka kafin ya kai, sai ya ƙara wani ɗan gajeren tsalle na gyara. Gwargwadon tsawon saɗara, gwargwadon yawan kuskuren. Wannan ne ya sa yaro ɗan firamare yake bin rubutu da yatsa, shi ne kuma ya sa babba ma wani lokaci yakan maimaita saɗarar da ya gama ko ya tsallake wata. Abin da ke taimakon ido a wannan tsalle shi ne gefen shafi na hagu yana nan daram inda aka bar shi, ido yana hango shi ta gefe.

Idan ana jan shafi sama da ƙasa, wannan gefe ba ya gusawa, saɗaru suna nan cikakku, kuma sai an karanta saɗara goma sha biyar ko ashirin kafin a ja sau ɗaya. Idan kuwa gefe da gefe ake ja, farkon saɗarar ya fita daga fuskar waya baki ɗaya. Aikin da ido ke gamawa da ƙiftawa ɗaya ya koma hannun yatsa, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, bayan haka kuma sai idon ya sake laluben saɗarar da aka tsaya a kai cikin saɗaru masu kama da juna.

Lissafi kaɗan zai fito da girman asarar. Ana auna faɗin shafi da ɗigon haske da ake kira fiksel. A ce an ƙayyade faɗin wani shafi a kan fiksel 1000, aka buɗe shi a wayar da faɗin fuskarta, a ma'aunin shafukan intanet, fiksel 360 ne. Kowace saɗara ta kasu kusan kashi uku ke nan: ja biyu a kai ƙarshenta, ja ɗaya aƙalla a dawo. Sanarwa mai saɗara 30 za ta ci ja 90. Da an bar rubutun ya naɗe kansa daidai faɗin wayar, da saɗarun sun zama gajeru kamar 84, waɗanda ja huɗu ko biyar zuwa sama ya ishe su. Idan kuma mai karatu ya ce bari ya matse shafin duka ya shiga fuskar wayar, haruffan da aka yi da girman fiksel 16 za su koma kamar fiksel 6, abin da ko mai kaifin ido sai ya ƙanƙance ido kafin ya karanta.

Asarar ba ta tsaya ga lokaci ba. Domin a fahimci jimla, dole ƙwaƙwalwa ta riƙe farkonta har a kai ƙarshenta, kuma taskar da ke wannan riƙo na ɗan lokaci ƙarama ce ƙwarai. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abubuwa kamar bakwai take ɗauka, Nelson Cowan kuwa a 2001 ya ce sun fi kusa da huɗu. Ɗalibin da ke karanta bayanin yadda ƙoda ke tace jini yana buƙatar wannan taska duka domin ma'ana. Idan ya cika ta da tunanin ko a saɗara ta nawa ya tsaya, da ko wace kalma ce ta ƙarshe kafin ya ja, to abin da ya rage wa ƙoda kaɗan ne. Zai gama karatun ya ga bai riƙe komai ba, ya zaci kansa ne ba ya ja.

Abin da magabata suka gane

Tun kafin a san sunan ratina marubuta suka gane wannan da gwaji. Mutanen Masar da Girka da Rum na dā suna rubutu a kan doguwar takardar fafiras da ake naɗewa, wadda tsawonta kan kai mita da yawa, kuma gefe da gefe ake warware ta. Duk da haka ba su ja saɗara ɗaya daga wannan baki zuwa wancan ba. Sun raba takardar gida-gida a tsaye, kowane gida da gajerun saɗarunsa, ta yadda mai karatu zai gama gida guda cur kafin hannunsa ya motsa. Wasu tsofaffin Girkawa ma sun gwada guje wa tsallen dawowar gaba ɗaya, suka riƙa rubuta saɗara ɗaya daga dama zuwa hagu, ta biyu daga hagu zuwa dama, kamar yadda shanun huɗa ke juyawa a ƙarshen kunya. Da irin wannan rubutu aka sassaƙa dokokin birnin Gortyn na tsibirin Kirit a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

A nan gida ma misalan suna nan. Allon almajiri ya fi tsawo a kan faɗi, kuma saɗararsa ba ta wuce abin da ido zai kama yana riƙe da shi a cinya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta kasance tana raba shafinta gida-gida kamar sauran jaridun duniya, domin saɗarar da ta ratsa faɗin takardar jarida duka ba ta karantuwa da daɗi. Miles Tinker da Donald Paterson na Jami'ar Minnesota sun shafe shekaru tun daga ƙarshen shekarun 1920 suna auna saurin karatu, suka tabbatar cewa saɗara mai tsawon gaske da mai gajartar gaske duka suna rage shi. Robert Bringhurst, masanin tsarin ɗab'i ɗan Kanada, ya ba da shawara a littafinsa na 1992 cewa saɗara ta kasance tsakanin haruffa 45 da 75.

Masana ilimin halittu su ma sun ci karo da wannan matsala a fagensu. Bayanin gado da ke cikin ƙwayar halittar ɗan Adam jere ne na haruffa huɗu, A da C da G da T, har kimanin biliyan 3, babu aya babu waƙafi. Na ƙwayar cutar korona da aka bayyana a watan Janairun 2020 ya kusa haruffa 30,000. A haƙiƙa kowane jere saɗara ɗaya ce miƙaƙƙiya, amma taskar GenBank ta Amurka tana karya shi haruffa 60 a kowace saɗara, a rukunin goma-goma, da lamba a gefen hagu. Idan har za a iya karya littafin halitta domin ya dace da idon mai bincike, babu sanarwar makarantar da ta fi ƙarfin a karya ta.

Yadda cutar ta shiga intanet

Abin mamaki shi ne intanet ba da wannan cuta aka haife ta ba. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan a 1989 a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba ta ƙasar Suwizalan, kuma harshen HTML da ya ƙirƙiro bai ƙayyade faɗin rubutu ba. Rubutu yakan zuba ya cika duk faɗin da ya samu, kamar ruwa a ƙwarya. Shafin farko na duniya yana nan har yau a ajiye, kuma duk wanda ya buɗe shi a kwamfuta ya matse tagar zai ga saɗarun suna naɗe kansu.

Masu ƙawata shafi ne suka kawo taurin. A shekarun 1990 suka fara gina shafuka kamar allon talla, suna ƙayyade faɗi daidai fuskar kwamfutar da ake yayi, fiksel 640, daga baya 800, daga baya 1024. Duk wanda fuskar kwamfutarsa ba ta kai haka ba sai ya ja gefe. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da na'ura, ya sa jan shafi gefe cikin manyan kurakurai goma na tsara shafuka na shekarar 2002. Da wayar iPhone ta fito a 2007 da fuska mai faɗin fiksel 320, sai aka tsara ta ta riƙa ɗaukar kowane shafi kamar mai faɗin 980 ta ƙanƙantar da shi, sai fa idan mai shafin ya sa wani ɗan umarni a samansa cewa a bi faɗin na'ura. Mantawa da wannan umarni na saɗara ɗaya yana cikin manyan dalilan wahalar har yau.

Magani ya daɗe da samuwa. A watan Mayun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana tsarin shafi mai bin jikin na'ura: a auna faɗi da kashi cikin ɗari maimakon fiksel ƙayyadadde, a hana hoto wuce faɗin gidansa, sa'an nan shafin ya tambayi na'ura faɗinta, idan ƙarama ce ya jera gidajensa ɗaya bisa ɗaya. A watan Afrilun 2015 kamfanin Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a sakamakon bincike na waya. Kamfanin StatCounter ya ba da rahoton cewa a watan Oktoban 2016 shiga intanet ta waya da kwamfutar tafin hannu ya zarce na kwamfutar tebur a duniya. A watan Yunin 2018 kuma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafuka ta sa sharaɗi a kundinta na WCAG 2.1 cewa rubutu ya karantu a faɗin fiksel 320 ba tare da an ja shi ta fuska biyu ba. Wanda ya gina shafi mai tauri a yau ba shi da uzurin rashin hanya.

Su wa suka fi cutuwa?

A Nijeriya, inda wayar salula ta fara yaɗuwa daga 2001, akasarin jama'a ta waya suke shiga intanet, kuma ɗalibai da yawa ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Rajistar jarrabawa da duba sakamako da neman gurbin karatu duk sun koma intanet. Shi kuwa mai gina shafin yana zaune ne gaban kwamfuta mai faffaɗar fuska, shugaban da zai amince da aikin ma a irinta ake nuna masa, don haka babu wanda ya ga abin da ɗalibin ƙauye zai gani. A ce jadawalin jarrabawa ne mai gida shida, gidan ƙarshe shi ke ɗauke da ɗakin da za a zauna, ko sanarwar canjin lokaci. Wayar ba ta nuna wata alama cewa akwai saura a dama, domin sandar jan shafi takan ɓuya a waya. Ɗalibin da bai ja ba bai san ya rasa komai ba sai ranar jarrabawa. Idan kuma rubutun Larabci ne ko ajami aka sa a irin wannan shafi, farkon saɗarar ne ma ke ɓuya.

Bayan ɗalibai sai malamansu da iyayensu. Lensin da ke cikin ido yakan yi tauri da shekaru. Yaro ɗan shekara 10 yana iya ganin rubutu sarai a nisan da bai kai santimita 10 ba, ɗan shekara 40 sai ya kai wajen santimita 20 zuwa 25, ɗan shekara 60 kuwa kusan mita guda. Saboda haka dattijo dole ya ƙara girman haruffa, kuma a shafi mai tauri ƙarin girma yana nufin ƙarin jan gefe. Haka yaran da aka haifa da lalurar zabiya, waɗanda cibiyar ganinsu ba ta gama ginuwa ba, idanunsu kuma sukan yi rawa, da manyan haruffa suke karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani. Saboda irinsu aka zaɓi lambar 320 ɗin nan, domin ita ce abin da ya rage idan aka ninka girman shafi sau huɗu a fuska mai faɗin 1280. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a hanyar shigar keken guragu. Shafin makaranta shi ma ƙofa ce, kuma hankalin da ya kawo waccan doka ya kamata ya kai gare shi.

Hujjojin masu kare jan gefe

Akwai masu cewa ai matasan yau sun saba da shafa fuskar waya gefe da gefe, suna duba hotuna a Instagram ko WhatsApp ba tare da ƙorafi ba. Gaskiya ne, amma kowane hoto cikakke ne a fuskar wayar, idan an ja sai wani cikakken ya maye gurbinsa. Wannan juya shafin littafi ne, irin na gidajen takardar fafiras, kuma babu aibu a cikinsa. Abin da ake suka shi ne yanke jimla ɗaya gida biyu.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: akwai abubuwan da faɗi yana cikin ma'anarsu. Jadawalin sinadarai na ilimin kimiyyar haɗe-haɗe yana da gida 18 a tsaye, kuma matsayin kowane sinadari a cikinsa shi ne darasin. Murabba'in Punnett na gadon halaye biyu yana da akwati 16 da ba su rabuwa. Taswira ma haka. Ƙa'idar W3C da kanta ta keɓe irin waɗannan, kuma daidai ne. Sai dai keɓewar ba ta ba da izinin jadawali ɗaya ya buɗa shafi duka ba. Ana sa shi a akwatinsa, shi kaɗai ya riƙa jawuwa, rubutun da ke samansa da ƙasansa ya tsaya cik, a kafe gidan farko mai ɗauke da sunaye domin kada mai karatu ya ɓata, a kuma bar alamar cewa akwai saura. Jadawalin sakamako ko na lokutan darasi kuwa yawanci ba ya buƙatar faɗin ma. Ana iya mai da kowane layi ɗan kati, darasi a sama, rana da lokaci da ɗaki a ƙasansa.

Hujja ta uku ita ce kuɗi da lokaci. A sabon aiki wannan hujja ba ta da ƙafa, domin shafi mai naɗe kansa shi ne asali, taurin ne ake ƙarawa da hannu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A tsohon shafi ma masu laifin sanannu ne: hoton da aka ba faɗi ƙayyadadde, dogon adireshin intanet da ba shi da inda zai karye, jadawali, da rashin umarnin bin faɗin na'ura. Akwai kuma maganin ƙarya da ya kamata a guje wa, wato umartar shafi ya ɓoye duk abin da ya wuce gefe. Jan gefen zai ɓace, amma tare da rubutun da ke can, kamar telan da riga ta yi wa tsawo ya datse hannunta.

Abin da ya kamata a yi

Hukumomin makarantu da jami'o'i su sa wannan sharaɗi a rubuce cikin kwangilar gina shafi, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai shugaba ya karanta shafin da kansa a ƙaramar waya mai araha, tun daga sama har ƙasa, ba tare da yatsansa ya je gefe ba. Gwaji na biyu a kwamfuta ake yin sa: a ƙara girman shafin har kashi 400 cikin ɗari a ga ko rubutun zai naɗe. Duka biyun ba su cin minti biyar.

Malamai su ma suna da nasu rabon. Sanarwar da aka ɗauki hotonta daga allon sanarwa, ko takardar PDF mai girman A4, ba ta naɗewa ko kaɗan, domin hoto ba ya sanin inda kalma ta ƙare. Duk bayanin da ake son ɗalibai su karanta a waya a tura shi a matsayin rubutu, a haɗa da hoton idan ana buƙatar sa hannu da hatimi. Malamin kwamfuta ya nuna wa ɗalibansa tun shafinsu na farko yadda ake auna faɗi da kashi cikin ɗari. Malamin ilimin halittu kuma yana da darasi a shirye: ɗalibai biyu-biyu, ɗaya yana karatu ɗaya yana kallon idonsa ta saman takarda yana ƙirga tsalle, sa'an nan a ba su sakin layi ɗaya a shafi mai naɗewa da mai tauri, a auna lokaci da agogo, a yi musu tambayoyi a kan abin da suka karanta, su fitar da sakamakon da kansu.

Ɗalibai kuwa, waɗanda cikinsu ne masu gina shafukan gobe za su fito, su daina ɗaukar laifin da ba nasu ba. Wanda ya ci karo da irin wannan shafi a makarantarsa ya rubuta wa hukuma cikin ladabi, ya faɗi sunan shafin da irin wayarsa da abin da ya ɓuya. Na'urori suna canza girma kusan kowace shekara, amma cibiyar gani tana nan a milimita ɗaya da rabi kamar yadda take a zamanin masu rubutu a kan fafiras, kuma ita ce ma'aunin da ya wajaba mai tsara shafi ya yi aiki da shi.